Biyu Bisa Huɗu

Kun girma kuna jin ana cewa uwarku ta taɓa zubar da mutuncin gida a bakin boda, a gaban direbobi da 'yan dako. Kowa da irin yadda yake ba da labarin. Wasu sun ce da jami'ai na yi faɗa, wasu sun ce surukata na zaga, har akwai wadda ta rantse wai ɗankwalina na cire na sha ɗamara da shi, ni da ko akuya ba na iya kora da ƙarfi. Tunda yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da ni, ido kuma da sauransa, bari in rubuta muku abin da ya faru da hannuna, da ɗan karatun nan nawa na ajin manya. Ba gafarar kowa nake nema ba, ba kuma wani nake tuhuma ba. Lissafin 'yan firamare ne ya jawo komai, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Kun san ni ba 'yar Jibiya ba ce. A wani ƙauye aka haife ni bayan Ɗan Isa, cikin ƙasar Nijar, babanku ya auro ni tun yana yaron mota a hanyar Maraɗi. A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Inna, mahaifiyata, ta haifi babban yayanmu, ta aurar da shi, ta goyi 'ya'yansa, har Allah ya karɓi ransa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, alhali yaron nan har ya yi furfura. In an tambaye ta yawan 'ya'yanta daga na biyu take fara ƙirga, kuma babu mai cewa ta yi ƙarya, don kowa ya san akwai guda da ba a sakawa a lissafi. Ranar da ya rasu ko ɗigon hawaye ba ta bari an gani ba, sai dai tun daga nan abinci ya fita ranta, ta rame ta koma kamar kara. Haka na tashi na ga ana son ɗan fari. Ku da kuke ɗaga naku sama kuna yi musu rawa a gaban surukai ba lalle ku gane ba, amma ni ban san wata hanya ba bayan wannan.

Da na haifi yayarku, ana yaye ta aka kai ta wurin Inna kamar yadda aka saba. A can ta yi wayo, a bayan ƙanwata, Tanti Hajara, wadda a lokacin ba ta yi aure ba. Hajara ce mai yi mata kitso, ita ce mai goya ta zuwa rijiya, ita ke kiranta "ɗiyata" tana yi mata cakulkuli. Sai da lokacin boko ya yi babanku ya je ya dawo da ita Jibiya, lokacin na riga na haifi Usman da Bilkisu, Habibu da Safiya suka biyo baya. Unguwa kaf Maman Usman ake ce mini. Ita kuwa "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ba na zama da ita a tabarma ɗaya, ba na yabonta, in baƙi suka yaba ta sai in kau da kai in ce ba su san halinta ba ne. Amma ƙanzon shinkafa da take so ni nake kankare mata, in ba Bilkisu ta miƙa mata a ce saura ne. In zazzaɓi ya kama ta, ni nake jiƙa magani in ba kakarku Iya, uwar babanku, ta ba ta, in tsaya bayan labule ina saurare ko ta haɗiye. A ganina duk wannan a fili yake, ko makaho ya laluba ya ji. Ban taɓa tunanin yarinya ba ta ganin abin da ke bayan labule ba.

Yarinya ce marar surutu, sai dai Allah ya zuba mata son lissafi. Komai sai ta ƙirga. In na yanka kankana sai ta ce wannan rubu'i ne, wancan bai kai ba, an cuci Habibu. Shekarar da take aji biyar aka kawo musu wani Malam Lawal, mutumin Daddara, saurayi mai ƙwazo. Shi ya ƙi yarda yara su riƙa raba lemon da aka zana a allo kullum. Ya ce lissafi a gida yake, su je su tattaro bayanai da kansu. Yau su ƙirga motocin da suka wuce ƙofar makaranta su faɗi kashi nawa ne manya, gobe su tambayi 'yan aji wa ya karya da koko wa ya karya da ɗumame, su zana dogayen sanduna a allo, wadda ta fi tsawo ita ta fi jama'a. Yayarku ta ɗauki abin nan kamar ibada. Sai ranar nan ya ba su aikin gida, kowa ya tambayi mahaifiyarsa yawan 'ya'yanta, maza nawa mata nawa, ya rubuta kason matan. Ya kuma ja musu kunne cewa abin da aka faɗa musu za su rubuta, ba abin da ke kansu ba.

Da la'asar ne, ina tsince wake a tsakar gida. Iya tana zaune a bakin ɗakinta da wasu tsofaffi biyu da suka zo mata hira daga Mazanya. Yayarku ta zo ta durƙusa nesa da ni kamar yadda ta saba, fensir a hannu.

"Umma, Malam ya ce mu tambaya. Ɗiyanki nawa?"

Ana tambayar mace yawan 'ya'yanta haka gatsau, kuma a gaban uwar mijinta da baƙi? Na ji tsofaffin nan sun yi tsit suna jiran su ji irin tarbiyyar da aka yi wa 'yar Nijar. Ban ɗago kai ba na ce huɗu. Ta tambayi maza, na ce biyu. Ta tambayi mata, na ce biyu. Na ji fensir yana ƙara a takarda, tana faɗa a hankali, biyu bisa huɗu, rabi ke nan. Can ta ce:

"To ni hwa, Umma?"

Kafin in buɗe baki Iya ta kwashe da dariya. Kun san Iya da tsokanar jika, ba ta gajiya.

"Ke? Ai ke tsintar ki anka yi tashar Maraɗi, cikin kwandon albasa. Dubi hancinki, wa ya yi irinshi gidan ga?"

Tsofaffi suka yi ta dariya har da tafawa. Ni kuma na ce mata ta tashi ta ba ni wuri, ta je ta ɗauraye kwanoni. Ta tashi ta nufi wurin kwanonin. Har ga Allah na ji daɗin kaina ranar, don ɗaya daga cikin baƙin ta ce wa Iya ta yi dacen suruka mai kunya, irinta sun yi ƙaranci. Na ci gaba da tsintar wakena.

Washegari Malam Lawal ya duba aikinta ya ba ta maki cikakke, don biyu bisa huɗu rabi ne, babu kuskure. Daga baya ya zo har gida idonsa jawur yana cewa da yarinyar ya kalla maimakon lambar, da ya gane, shi ma ɗan fari ne. A wannan makon kuma ya koya musu cewa mai tattara bayani na ƙwarai ba ya tsayawa a bakin mutum guda, sai ya tambayi mutane da dama ya ga inda rinjaye yake. Duk wannan ban sani ba a lokacin. Abin da na gani kawai shi ne yarinya ta ƙara yin shiru, ta daina taɓa ƙanzon da Bilkisu ke kai mata. Wata rana ina wanki ta tambaye ni ko Tanti Hajara ta taɓa haihuwa kafin ta yi aure. Na daka mata tsawa, na ce in na sake jin irin wannan maganar banza a bakinta sai na fasa shi. Babanku yana hanya lokacin, ya yi lodin Agadas, ba a sa ran dawowarsa kusa.

Ranar kasuwar Jibiya ce abin ya faru. Kun san a tasha nake sayar da shinkafa da wake a shekarun nan, kuma ranar kasuwa ko ruwa ba na samun sha. Yayarku ce ke kawo mini tukunya ta biyu daga gida. Azahar ta yi ba ta zo ba. Ina ta masifa, ina cewa yau sai jikinta ya gaya mata, sai ga wani ɗan acaɓa da ke cin abinci wurina ya taka birki har yana neman ture mini benci.

"Maman Usman, ki aje ludayin nan. Maryama na boda, jami'ai sun tsare ta. Ita ɗai anka gan ta za ta ƙetare."

Na ce wace ce kuma, don kaina ya ƙi ɗauka cewa yayarku yake nufi. Yarinyar da ko kantin bakin titi ba ta zuwa sai an aike ta, me ya kai ta boda? Ban san lokacin da na hau babur ɗin nan ba. Na bar tukunya a buɗe, takalmina wari ɗaya a ƙafa. Muka biya gida na leƙa ɗaki, na ga babu kayanta a igiya, babu jakar makarantarta. Iya ta ga fuskata ta jawo mayafi ta tare wani babur ta biyo mu. Duk tsawon hanyar Magama ina salati, ina cewa ko sace ta aka yi, ko wani ya yaudare ta. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa da ƙafarta ta tafi ba.

A boda manyan motoci sun yi layi, direbobi na kwance a inuwarsu, mata 'yan ƙetare na wucewa da kayan kasuwa a ka. Cikin matan nan ta saje, sai wata jami'ar shige da fice ta lura da yarinya da hijabin makaranta wadda babu wanda ya waiwaye ta. Ta tsayar da ayarin ta tambaya, kowace ta ce ba tata ba ce. Na sami yayarku zaune a benci ƙarƙashin rumfa, ta rungume jaka, ƙafafunta duk ƙura. Ta gan ni ta sunkuyar da kai. Kafin in ƙaraso mutane sun kewaye wurin, kuma rabinsu sun san ni. Ga abokan babanku direbobi, ga 'yan dakon da ke cin abincina, ga wani ƙanin Iya mai sayar da taya. Jami'ar mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ana yawan ƙetarawa da yara ba da sanin iyayensu ba, don haka ba ta sakin yarinya sai ta tabbatar da hannun da za ta saka ta. Ta ce yarinyar ta shaida mata cewa wurin mahaifiyarta za ta, wata Hajara a bayan Ɗan Isa. Sannan ta dube ni ta ce ni wace ce a wurinta.

Na ji kamar an kwaɗa mini taɓarya a ƙeya. Hajara? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Daga gidanmu take." Jami'ar ta ce ba wannan ta tambaya ba, 'yata ce ko ba 'yata ba ce. Na dubi Iya, na dubi ƙaninta, na dubi direbobin nan, kunya ta hana ni cewa 'yata ce. Iya ta matso ta ce jikarta ce, ɗiyar ɗanta, kowa a nan ya sani, a ba su yarinya su tafi. Jami'ar ta juya ga yayarku ta ce ta maimaita abin da ta gaya mata ɗazu. Yarinyar nan ta miƙe tsaye, ta sa hannu a baya kamar mai ba da amsa a aji. Muryarta ko rawa ba ta yi.

"Mutum ukku na tambaya, kamar yadda Malam ya ce. Umma ta ce ɗiyanta huɗu, ta ƙirga ba ni ciki. Iya ta ce tsinto ni anka yi. Maƙwabciyarmu ce kaɗai ta ce ni ɗiyar gidan ce, ita kuwa ba ta nan sa'ad da anka haihe ni. Biyu bisa ukku ke nan. Shi ya sa na ce in tahi wurin wadda ke ce mani ɗiyata."

Iya ta dafe ƙirji ta ce wasa ne, wasan kaka da jika, wa ke ɗaukar wannan da gaske? Wani dattijon direba ya shiga yi wa jami'ar bayanin kunyar ɗan fari. Ta ce ta sani, ita ma a gidan Hausawa ta tashi, amma yarinya ta faɗi nata, kakar ta amsa cewa ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, matar da ake cewa uwarta kuma an tambaye ta ta kasa amsawa. Ta ce in babu wadda za ta tsaya ta ce ita ta haife ta, ta faɗi sunanta, to za ta miƙa ta ofishin kula da yara a Katsina har a nemo wannan Hajara a ji daga bakinta. Ta sa aka kira direban motarsu.

Ni dai ina tsaye, amma ban san a kan me nake tsaye ba. Ba maganar Katsina ce ta fi girgiza ni ba. Yadda yarinyar ta jero lissafinta ne, babu kuka babu fushi, alamar ta daɗe da gama shi ta kuma yarda da amsar. Shekara da shekaru ina ganin ina yi mata so irin wanda Inna ta yi wa yayanmu, mafi tsada a cikin so, ashe ita a wurinta ni matar gidan da take aiki ce. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na ga ko an ba ni ita yau na kai ta gida, gobe ma za ta sake kama hanya, kuma ba kullum ake dace da mai lura ba.

Na san abin da zai biyo baya in na buɗe baki, kuma duk ya biyo, babu wanda ya tsallake ni. Iya ta yi wata da watanni ba ta cin tuwona, ta ce na tsinka ta a gaban ƙaninta, na mayar da ita maƙaryaciya a bainar jama'a. Labari ya ƙetara kafin magariba, Inna ta aiko a gaya mini ba haka ta rene ni ba, kuma da na je gaishe ta da salla bayanta ta ba ni. Har ta koma ga Allah ba mu koma kamar da ba, wannan kuwa yana nan a raina har gobe. Matan tasha suka sa mini suna Marar Ta-ido, wasu suka daina aiko 'ya'yansu sayen abinci. Babanku da ya dawo bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba, ya dai daina zama majalisar direbobi na wani lokaci. Wannan shi ne zubar da mutuncin da kuke ji ana faɗa, babu zagi a ciki, babu ɗamara.

To, a bakin bodar dai, direban ya kawo mota, jami'ar ta kama hannun yarinyar ta juya da ita. Iya ta riƙe mini gefen zane tana raɗa mini cewa in bari, ƙaninta zai bi su Katsina a gyara abin cikin rufin asiri. Na zare zanena daga hannunta. Sunanta ya tsaya mini a wuya kamar ƙaya, don tun ranar da aka raɗa shi ban taɓa fitar da shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki.

"Maryama."

Ta tsaya. Sai ta waiga hagu, ta waiga dama, tana duba fuskokin matan da ke tsaye, tana neman wadda ta kira ta. Idonta ya bi ta kaina ya wuce. Ba ta san sunanta da muryata ba. Na ji wata mata a bayana ta ja salati. Na taka na isa gabanta, na durƙusa a ƙasa a gaban kowa, na kama kafaɗunta biyu.

"Maryama, ni ce. Ni na haife ki, a ɗakin Inna, da damina. Ke ce ta farko. 'Ya'yana biyar ne."

Jami'ar ta saki hannunta. Yarinyar ta daɗe tana kallona, jakar nan har yanzu a ƙirjinta. Na zaci kuka za ta yi, ko ta faɗo jikina, na ma buɗe hannu. Sai ta matso da bakinta kusa da kunnena, don kada mutane su ji, ta yi tambayarta a hankali.

"Umma, ashe kin san sunana?"

Shekararta goma sha ɗaya a lokacin, kuma da gaske take tambaya.